Kafin a kira wanzami: wane gwajin jini ya cancanci kuɗinki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Talatar Mafara nake rubutowa. Ɗana shekararsa shida, mahaifinsa na so a yi masa kaciya da sanyin bana tare da 'ya'yan ƙannensa. Abin da ke hana ni barci shi ne ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ya rasu yana yaro bayan kaciya, jini ya ƙi tsayawa. Shi ma yaron nan da ya faɗi sai gwiwa ta kumbura ta yi kwanaki. Wani ɗakin gwaji ya ce akwai gwajin daskarewar jini mai araha da ake yi nan take, akwai mai tsada da sai an je babban asibiti. Wanne zan biya? In fara saya masa maganin ƙarin jini?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ji ƙan ƙanenki. A dakatar da kaciyar nan tukuna, ko da ran maigida zai ɗan sosu. Kawu ta wajen uwa da jini ya kashe, ga yaro namiji mai kumburin gaɓa, duk likitan da ya ji wannan labari hemofiliya zai fara zargi. Ciwo ne na gado da jini ke rasa wani sinadarin daskarewa, ko fakto 8 ko fakto 9. Mata ne ke ɗauke da shi, sau da yawa ba tare da wata alama ba, ya bayyana a jikin 'ya'yansu maza. In uwa na ɗauke da shi, kowane ɗa namiji da ta haifa yana iya gada, yana iya tsira, rabi da rabi.

Wancan gwaji mai araha, wanda ake tsikarar yatsa ko kunne a riƙe agogo, ki bar musu kayansu. Araha ba ta ado. Yaro mai hemofiliya yakan iya cin wannan gwaji sarai, a ba ki takarda a ce lafiya lau, ki kai wa wanzami da hannunki. Gara rashin takarda da irin wannan takarda.

Gwaji uku za ki nema: ƙidayar ƙwayoyin jini, sai PT, sai APTT, waɗanda su biyun ke auna lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare. Ƙidayar za ta nuna filatilet, ƙananan ƙwayoyin da ke fara toshe rauni, waɗanda a mai lafiya suke tsakanin 150,000 da 450,000 a kowace maikurolita. A hemofiliya filatilet da PT kan fito daidai, APTT ne ke yin tsawo. In haka ta faru sai a auna fakton kansa, domin a san 8 ne ko 9, kuma nawa ya rage. Ƙasa da kashi 1 cikin 100 na abin da mai lafiya ke da shi, ciwon mai tsanani ne, 1 zuwa 5 matsakaici, daga nan zuwa 40 mai sauƙi. Mai sauƙin yakan ɓuya ko a APTT, haka ma von Willebrand, wani ciwon zubar jini da ke kama maza da mata, saboda haka ko sakamako ya yi kyau, ki zauna da likitan jini ki ba shi labarin ƙanenki.

Abin da mutane ke kuskurewa shi ne aika jini a mota. Yaron za ki kai, ba jininsa ba. Ana ɗibar jinin a kwalba mai shuɗin murfi, dole a cika ta har layi, domin kashi tara na jini ake so a kan kashi ɗaya na ruwan da ke ciki, kuma a gwada cikin awa huɗu. Jinin da ya sha rana a tasha zai ba da lamba, amma lambar ƙarya. Kina da sa'a garinku na kan hanyar Gusau zuwa Sakkwato: ga Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a Gusau, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato mai sashen cututtukan jini. Bayan an zare allura ki danne wurin da auduga kamar minti goma.

Maganin ƙarin jini kuwa, ƙarfe ne da bitamin, ba ruwansa da daskarewa. Tara kuɗin nan ki yi na mota. Kada mai kemis ya ba shi asfirin, ibufurofen ko dikulofenak, kada kuma a yi masa allura a ɗuwawu. Farasitamol ya ishe shi. Ƙaho, tsaga da cire beli duk su jira. In an tabbatar da ciwon, kaciya za ta yiwu a asibiti bayan an ba shi fakton da ya rasa, kuma Gidauniyar Hemofiliya ta Najeriya tana yi wa masu ciwon rajista tare da taimaka musu su sami maganin.

Tambaya: Mahaifinmu a Gummi yana shan wafarin, maganin hana jini daskarewa, tun da jini ya daskare masa a ƙafa. Zuwa gwajin INR, wanda ke nuna yadda maganin ke aiki a jininsa, yana wahalar da shi. In saya masa na'urar gida?

Amsa: Malam, fara tambayar tsinken gwajin, wanda ake ɗiga jini a kai, kafin na'urar, can kuɗin yake. Tsinken na ƙarewa, yana da wa'adi, kuma ba ya son zafi, ga shi a watan Afrilu zafin Zamfara na haura digiri 40. In kana da inda za ka riƙa samunsa da wurin ajiya mai sanyi, saya, sannan a gwada na'urar tare da ta asibiti rana ɗaya a ga ko sun yi daidai. Galibi ana so INR ɗin irinsu Baba ya tsaya tsakanin 2 da 3. Amma na'ura lamba kawai take bayarwa, likita ne ke ƙara ƙwaya ko rage ta, don haka ka samu likitan da zai yarda ka riƙa kiransa da sakamako. In Baba ya ga baƙin bayan gida, jini a fitsari, ko ciwon kai mai tsanani, ku nufi asibiti a ranar.