Abokan aiki sun gayyace ni mashayar ƙauye a Ingila, in je?

TAMBAYA: Yaya, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce a yankin Yorkshire. Turawan da muke aiki tare sun gayyace ni cin abincin Lahadi a pub ɗin ƙauyensu. Ni dai gidan giya na san wurin, amma sun ce har da 'ya'yansu suke zuwa. Da gaske ne?

AMSA: Ƙanwata, ba ƙarya suka yi miki ba. A ƙauyen Ingila wurin nan shi ne majalisarsu, kamar teburin mai shayi a unguwa. Ƙaramin gini ne na dutse, rufinsa ƙasa-ƙasa har dogon mutum sai ya sunkuya, ga murhun itace yana ci, ga kare kwance ƙarƙashin tebur. Manomi ya shigo da taɓo a takalmi, tsofaffi na jifan allo da 'yan kibau. Tun watan Yuli na 2007 aka hana shan taba a ciki, don haka ba za ki dawo mayafinki na warin hayaƙi ba. A yankinku ma akwai Tan Hill Inn, wadda ta fi kowace mashaya a Birtaniya tudu. A Nuwamban 2021 dusar ƙanƙara ta rufe hanyarta, mutum kimanin 60 suka kwana uku a ciki.

To amma giya tana nan, ita ce kasuwar gidan, kada kowa ya ce miki gidan abinci ne kawai. Malamai da yawa sun hana zama a teburin da ake shan ta, kuma hujjarsu hadisi ce. Wannan ki tambayi malaminki, ni ba mai fatawa ba ce.

Idan kin yanke za ki je, abincin ne abin lura. Na Lahadi gasasshen nama ne da dankalin turawa da romo, kuma galibi naman ba yankan Musulmi ba ne, wani ma alade ne. Kada ki ce kin tsira don kin zaɓi kifi: sau da yawa da giya ake kwaɓa fulawar da ake soya shi. Romon ma wani lokaci akwai ruwan inabi a ciki. Ki tambaya kai tsaye, sun saba da irin wannan.

Abin sha kuwa a kanta ake zuwa a saya, a biya nan take. Suna da al'adar mutum ɗaya ya saya wa kowa, in an shanye wani ya karɓa. Tun farko ki ce lemo za ki sha kuma ke za ki sayi naki, don kada layi ya zo kanki ki tsinci kanki kina biyan kuɗin giyar mutane.

Ni da a ce ni ce, sai in gode musu, in ce mu haɗu a gidan shayi na ƙauyen, ko in gayyace su gida in yi musu shinkafa da miyar taushe. Bature ba ya ƙin gayyatar abinci.