Tambaya da Amsa: Jirgin Iska da Kasuwar Zanzibar

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana muna shirin zuwa Zanzibar. Shi burinsa mu hau jirgin ruwan nan na katako da iska ke turawa, mu bi gaɓar teku. Ni kuwa kasuwa ce a raina. Ana iya haɗa biyun? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ana haɗawa sarai, sai dai iska ce za ta tsara muku tafiyar. Daga Disamba zuwa Maris tana kaɗowa daga arewa maso gabas, mutanen can suna kiranta kaskazi. Daga baya ta juyo ta kudu, ita ce kusi, kuma ta fi ƙarfi. Afrilu da Mayu kada ku je, ruwan sama ake yi kamar da bakin ƙwarya.

Cikin jiragen, ku nemi wanda ake kira jahazi ko mashua, ku bar wa masunta kwalekwalen da ake kira ngalawa, ta yi ƙanƙanta. Kafin ki sa ƙafa, ki ga rigar ceto da idonki, ta kowa da kowa. In an cika jirgi fiye da kima, ku sauka, ko da kun biya. Wannan ba na wasa da shi.

Yanzu ga naki. Ki roƙi matuƙi ya kwana da ku kusa da Stone Town, tsohon birnin Zanzibar, domin kasuwar Darajani, wadda aka gina a 1904, ta safe ce. Da hantsi ake gwanjon kifi. In rana ta take, sai ƙarni da ƙuda. Ki wuce 'yan ƙullin kayan ƙamshin da aka jera wa baƙi a bakin hanya, ki shiga ciki inda matan gari ke awo. Can za ki samu kirfa, masoro da kanumfari, wanda akasarinsa daga tsibirin Pemba yake zuwa. Ki danna kanumfarin da farce: mai kyau zai nuna ɗan maiƙo. Ciniki kuwa ba sai na koya wa Bazazzagiya ba, ki dai riƙe shilin Tanzaniya a hannu.

Za ki ga zannuwan kanga, kowanne da rubutun Swahili a gefensa. Ki sa a karanta miki kafin ki biya, don wasu addu'a ne, wasu kuwa habaici ne ga kishiya ko maƙwabciya, kada ki kai wa surukarki tsarabar rigima.