Amsata kan Cooper Flagg kafin daraf ɗin 2025, tunda an tambaya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Ƙanina, na saurari saƙonka. Ka ce wai yaron nan mai buga ƙwallon kwando a jami'ar Duke, Cooper Flagg, da gaske ya isa a ɗauke shi na farko a daraf ɗin NBA ranar 25 ga Yunin 2025, wato zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyin babbar gasar Amurka ke yi, ko dai kururutawar 'yan jarida ce. To ni na san abin da ke ranka, ba sai ka faɗa ba. Nufinka shi ne don fari ne ɗan Amurka, kuma rabon da a ɗauki farin Ba'amurke a lamba ta ɗaya tun Kent Benson a 1977, shi ya sa suke ta buga masa ganga. Ai ba ƙarya ka yi ba, akwai wannan ɗin, kasuwa tana son sa, kamfanonin takalma suna son sa. Amma don Allah ka ajiye fatar a gefe, ka kalli wasan. Ko kore ne yaron nan, shi ne na ɗaya a daraf ɗin 2025, kuma da tazara.

Fara da shekaru, don nan mutane ke yin kuskure. An haife shi a Disambar 2006, a wani ɗan ƙauye da ake ce wa Newport a jihar Maine, wurin da ba a san shi da ƙwallon kwando ba sam. Kamata ya yi a ce a 2025 ne yake gama sakandare. Tsallake aji ya yi ya shiga jami'a da wuri. Wato wasanninsa na farko a Duke yana ɗan shekara 17 ya buga su, yana karo da ƙarti masu 22, masu 23. Kuma a haka ya gama kaka da maki 19.2 a kowane wasa, ribaun (cafke ƙwallon da aka jefa ba ta shiga ba) 7.5, asis (miƙa wa wani ya ci) 4.2, ƙwace ƙwallo 1.4, bulok (tare jifa a sama) 1.4. Duk biyar ɗin nan shi ne kan gaba a ƙungiyarsu, ka gane? Shi ne mai ci, shi ne mai raba wa mutane, shi ne mai tsare gida. Ya jefa wa Notre Dame maki 42 a Janairu. Aka ba shi kyautar Naismith, ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, kuma 'yan ajin farko da suka taɓa ɗaukarta kafin shi su uku ne kawai, Kevin Durant, Anthony Davis, Zion Williamson. Ka duba wannan layin da kyau.

Yanzu na ga wani ya turo bidiyon wasan Houston a nan gurup ɗin, ya rubuta a ƙasa wai ga gwanin naku. Haba jama'a. Haba. Daƙiƙa goma kuka yanko daga wasan minti 40. E, ya jefa ta ƙarshe ba ta shiga ba, Duke ta faɗi 70 da 67 a wasan kusa da na ƙarshe na gasar jami'o'i, a San Antonio. Na kalla, idona biyu har asuba ta kusa. Amma wa ya ci maki 27 a wasan? Shi. Wa ya tare musu uku a sama? Shi. Ƙungiyar gaba ɗaya ce ta daskare, suna gaba da maki 14 saura kamar minti takwas, a minti goma na ƙarshe sau ɗaya tak suka zura ƙwallo daga cikin wasa, ko fito da ƙwallo daga gefe ya gagare su. Kuma wanda ya tsaya a gabansa a jifan ƙarshen, J'Wan Roberts, ya girme shi da wajen shekara biyar, ya daɗe yana cin horon kocin Houston Kelvin Sampson, wanda kowa ya san tsaron gidansa ba wasa. Ni abin da na gani a wurin shi ne kocin Duke Jon Scheyer bai yi tunani sau biyu ba wajen wanda zai ba ƙwallon, kuma yaron bai ɓuya ba. Ya karɓa, ya juya, ya jefa. Ta yi gajarta. Shi ke nan.

To bari in faɗa muku abin da ni nake kallo in ana maganar ɗan jami'a, kuma waɗanda suka daɗe a nan sun san inda zan nufa. Jifan kyauta. Wanda ake ba ka in an yi maka keta, ka tsaya a layi ba mai taɓa ka. Shi ne ke tona asirin hannun mutum. Jifan maki uku a jami'a yana yaudara, don wasannin ba su da yawa, yaro zai iya yin sa'a wata biyu alƙalumansa su yi kyau. Amma layin kyauta ba ya ƙarya, nisa ɗaya ne kullum, daga sakandare har NBA.

Kun tuna 2017? Ni ban manta ba. Mutumin namu yana nan cikin gurup ɗin, ya san kansa, ba zan kira suna ba. Rannan har cewa ya yi ban san ƙwallo ba, wai zamanina ya wuce, don na ce Jayson Tatum ya fi Markelle Fultz. Kowa ya bi shi, aka yi mini ca. Hujjarsu ita ce Fultz yana jefa maki uku da kashi 41 cikin ɗari a jami'ar Washington, Tatum kuwa kashi 34 a Duke. Na ce ku dubi layin kyauta. Fultz kashi 65, Tatum kashi 85. Na ce mutumin da ke zubar da ɗaya cikin uku ba kowa a gabansa, akwai abin da bai zauna ba a hannunsa. Na ƙara da cewa ƙungiyar Fultz wasa 9 kawai ta ci ta faɗi 22, in har shi ne wanda ake faɗa ai da an gani. Ba wanda ya saurare ni. Boston kuwa da suke da lamba ta ɗaya a hannu, suka miƙa wa Philadelphia, suka koma ta uku, suka ɗauki Tatum, har da ƙarin wani zaɓe a kai. A 2024 ya ɗaga musu kofi. A Mayun 2025 dai jijiyar agararsa ta tsinke a wasan Knicks, Allah ya ba shi lafiya, abin ya taɓa ni ƙwarai. Kuma kada a ce na zalunci Fultz, ciwo ya same shi a kafaɗa da jijiyoyin wuya, wannan ba laifinsa ba ne, jarrabawa ce. Amma alamar tana nan tun kafin ciwon, kuma na nuna ta. Lonzo Ball ma da aka ɗauka na biyu a shekarar, kashi 67 yake yi a layin, aka zo NBA sai da aka sake masa salon jifa gaba ɗaya. Har yau mutumin nan bai ce mini Yaya ka yi gaskiya ba. Har yau. In an tayar da zancen sai ya turo sitika.

To, ina nake? Flagg. Flagg kashi 84 yake yi a layin kyauta. Jifan maki uku kuma kashi 38.5 a kakar gaba ɗaya, amma yadda ya kai nan ɗin ya fi lambar muhimmanci. A Nuwamba da Disamba ko kashi 30 bai kai ba, har aka fara cewa ai ba shi da hannu. Daga Janairu ya haura 40 ya zauna a can. Haka batun riƙe ƙwallo. Wasan Kentucky a Nuwamba, sau biyu ya zubar da ita a daƙiƙun ƙarshe, suka faɗi 77 da 72. Yana son ya juya ya kutsa cikin mutane, ƙwallon ta kuɓuce. Ka je ka kalli wasanninsa na Maris ka ga ko yana yin wannan juyin a makance. Yanzu tsayawa yake, ya karanta, ya miƙa wa abokin wasansa Kon Knueppel a kusurwa ko ya ɗaga wa dogonsu Maluach sama. Yaron da ke gyara aibinsa a cikin kaka ɗaya, ana tsakiyar wasanni, irin wannan ake zuba kuɗi a kai.

Maluach ɗin nan ma, Khaman, ɗan Sudan ta Kudu da ya tashi a Uganda, ya bi ta makarantar NBA da ke Senegal, ya buga gasar BAL ta Afirka, ya je Olamfik ɗin Faris, shi ma fa zai fita da wuri a daraf ɗin nan, kuma ni ina ganin... a'a, bari dai, wannan sai mun ware masa rana, in na shiga ba zan fito ba.

Abin da ya fi burge ni ba ma cin makin ba ne. Tsaron gida. Ka san mafi yawan yaran da ake yayatawa tun suna sakandare, in ƙwallo ba ta hannunsu tsayawa suke suna huci. Shi kuwa da tsaro aka fara saninsa. A gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a Sifen, 2022, yana ɗan 15, a wasan ƙarshe maki 10 kawai ya ci amma ya kwashi ribaun 17 ya ƙwace ƙwallo sau 8. Tsayinsa ba takalmi ya ɗan gaza ƙafa 6 da inci 8, faɗin hannuwansa ƙafa 7, kuma yana da saurin ƙafa. Zai bar nasa mutumin ya zo ya share ƙwallon wani a bakin kwando, ya koma kafin a farga. Sannan a Yulin 2024 aka kira shi Las Vegas cikin waɗanda za su yi wa tawagar Olamfik ta Amurka atisaye, su LeBron, su Curry, su Davis, shi kaɗai ne bai shiga wasan ƙwararru ba tukuna, ko wasan jami'a bai taɓa bugawa ba, kuma bai yi rawar jiki ba. Wannan ne ya sa nake cewa ko da jifansa ya tsaya a inda yake, ba zai zama asara ba. Mafi munin abin da zai zama, in Allah ya tsare shi daga ciwo, shi ne irin su Andrei Kirilenko, tsohon ɗan wasan NBA mai yin komai, wanda kowane koci zai so. Wannan ƙasan kenan fa.

Saman kuma, nan ne gardamar gaskiya take, kuma nan ya kamata ku tsaya maimakon zancen fata. Shin zai zama mutumin da za a ba ƙwallo saura minti biyu a wasan fileyof, wato zagayen neman kofi, kowa a filin ya san shi zai jefa, kuma ya ci? Ni ban ga yana da wannan saurin taku na farko da zai wuce mai tsaronsa a tsaye ba. Yawancin makinsa da ƙarfi da tsayi da wayo yake samu. A NBA kuwa wanda zai tsare shi tsayinsu ɗaya, ƙarfinsa ya fi nasa. Layin maki uku ya fi nisa, daga ƙafa 22 da ɗoriya zuwa ƙafa 23 da inci 9. Agogon jifa daga daƙiƙa 30 ya koma 24. Wasa 82, shi da bai kai 40 ba a Duke, kuma ya riga ya gurɗe a idon sawu a Maris. Sai dai filin NBA ya fi buɗewa, don ba a yarda dogo ya kafe a ƙarƙashin kwando fiye da daƙiƙa uku ba, a jami'a kuwa an yarda. Wannan zai taimake shi. Hukuncina dai, shekarar farko kada ku jira maki 25, za ku ga ranakun da zai jefa 15 ya ci 4. Zuwa shekara ta uku ko ta huɗu ina sa ran ganin sa a wasan taurari. Ya zama gwarzon gasar gaba ɗaya kuwa, wannan ya rataya ne a kan jifansa daga tsakiyar fili yana cikin tafiya da ƙwallo. In wannan ya zauna, to sai dai a yi haƙuri da shi.

Kai kuma ƙanina, na san ciwonka na biyu, tunda kai ɗan Dallas ne. Kana so a ce maka ga madadin Luka Dončić, tsohon tauraronku. Ba shi ba ne. Kada ka ɗora masa wannan kayan. Luka ya zo NBA ya riga ya ci kofin Turai da Real Madrid, ya zama gwarzon gasar yana ɗan 19, ƙwallo a hannunsa take kwana. Flagg wani iri ne daban, kamar ka sayar da injin niƙa ne aka ba ka ingarman doki, kowanne da amfaninsa amma aikinsu ba ɗaya ba. Kuskuren da Dallas ta yi a Fabrairun 2025 na musanya Luka an riga an yi shi, ya koma Lakers. Sa'a ce kawai ta faɗo musu ranar 12 ga Mayu, damar kashi 1.8 cikin ɗari, suka ci cacar da ke ba da lamba ta ɗaya a daraf. Masu cewa an shirya, ni ba na shiga wannan.

Abin da ke damuna da Dallas ɗin shi ne cunkoso. A tawagarsu ta tsakiyar 2025 akwai Anthony Davis, kuma ba ya son buga tsakiya, ga Lively, ga Gafford, ga P.J. Washington, duk dogaye, duk wurin da Flagg ya fi ƙwarewa suke tsayawa. Kyrie Irving kuma gwiwarsa ta tafi a Maris ɗin 2025, suka rasa mai riƙe ƙwallo. Kuma kun san Jason Kidd, kocin Dallas a 2025, shi ne ya kira Giannis lokacin yana kocin Milwaukee a 2016 ya ce kai ne mai raba ƙwallo, je ka yi ta kuskure har ka iya. Ina kyautata zaton haka zai yi wa yaron nan. In ya yi, za ku ga ƙwallo tana ta zubewa a watannin farko, kuma na san wanda zai fara turo bidiyo a nan. Ku bar shi ya turo.

Dylan Harper na jami'ar Rutgers da San Antonio za su iya ɗauka na biyu, yaro ne mai kyau, bahago, ya iya kutsawa, ban raina shi ba. Amma su biyu ne da Ace Bailey a ƙungiya ɗaya, suka gama da ci 15 faɗuwa 17, ko babbar gasar jami'o'i ta Maris ba su shiga ba. Duke ta ci 35 ta faɗi 4. Na san abokan wasan ba ɗaya ba ne, na sani, kada wani ya rubuto mini wannan. Amma tambayar da na yi a 2017 ita nake maimaitawa. In Dallas suka kuskura suka sayar da lambar nan don neman wani tsoho mai suna, to ƙanina ka nemi wata ƙungiyar tun da wuri. Sai da safenku.