Shin shuɗi a fuska yana nufin baƙin ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a sashen zane. Na zana mahaifiyata da fentin mai, na yi inuwar fuskarta da shuɗi, ban kuma fitar da yatsunta ɗaya bayan ɗaya ba. Wani mai koyar da "ma'anar launuka" a Facebook ya ce na mayar da ita mai zaman makoki, har ya ce hakan alama ce ta ina fama da ciwon damuwa. Hankalina ya tashi ƙwarai. In goge in sake ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki goge komai. Wannan jadawalin da ake yawo da shi, wai ja fushi ne, shuɗi baƙin ciki, kore hassada, shi ne ya fi kowane abu lalata min ɗalibai, domin da zarar yaro ya haddace shi sai ya daina kallon fuskar da ke gabansa, ya koma zaɓen fenti daga allo. Launi ba shi da ma'ana guda da yake tafe da ita ko'ina. Tun 1839 Chevreul, masanin rini a masaƙar Gobelins ta birnin Paris, ya nuna cewa ido yana ganin launi ne gwargwadon wanda ke maƙwabtaka da shi. Shuɗin da kika ajiye kusa da ruwan goro zai yi haske, ya fito da ɗumin fata.

Masu jadawalin sukan kafa hujja da Picasso, mai zane ɗan ƙasar Sifen, wanda daga 1901 zuwa 1904, bayan abokinsa Casagemas ya kashe kansa, ya kusan taƙaita aikinsa ga shuɗi. Su sake duba hotunan mana. Kafaɗun a sunkuye suke, kumatu sun faɗa, yatsu sun yi zaƙo-zaƙo, kuma da ƙyar ake samun launi mai ɗumi da zai ba ido hutu. Yusuf Grillo, mai zane ɗan Najeriya da ya yi karatu a Zariya, ya shafe rayuwarsa yana zana matan Yarbawa da shuɗi da shunayya, abin da mai kallo ke gani a jikinsu kuwa natsuwa ce da ƙasaita. Mu da muke da marinar Ƙofar Mata da rawanin ɗan Kura, wane ne zai zo ya ce mana shuɗi kayan makoki ne? A 1905 Matisse, mai zane ɗan Faransa, ya ja koren layi a hoton matarsa daga goshi zuwa hanci, ya raba fuskar gida biyu, gefe mai ɗumi da gefe mai sanyi, koren nan yana yin aikin inuwa kawai.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne mutum ya kalli fenti ya yanke wa 'yar mutane ciwo. Wannan aikin likita ne, kuma likita ba da launin hoto yake gano cuta ba.

Batun yatsu ba laifi ba ne, domin wurin da mai zane ya rage bayani yana tura ido zuwa wurin da ya cika shi. Ki jingine hoton, ki ja da baya taku biyar, ki ɗan runtse ido. In kallonki ya fara sauka a idanunta da gefen bakinta, aikin ya yi. In hannun ne ke fizgar ido, ki rage haskensa, ki bar shuɗin yadda yake.