Tambaya da Amsa: Me ake nufi da "trample" a Turanci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, don Allah a taimaka min da kalmar trample. Na ganta a labarin wani turmutsutsu a filin ƙwallo, sai kuma na sake cin karo da ita inda ake maganar haƙƙin ma'aikata, ni dai abin ya ɗaure min kai. Kuma meye bambancinta da step on? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Trample dai tattakewa ce, wato a sa ƙafa da nauyi a kan abu, a sake sawa, a sake sawa har ya lalace ko ya ji ciwo. Kin ga yadda ciyawa ke kwanciya ta manne da ƙasa bayan garken shanu ya bi ta kanta? To wannan shi ne trample. Step on kuwa takawa ce sau ɗaya, galibi ma bisa kuskure, kamar ki taka ƙafar wani a layi ki ce masa yi haƙuri, shi ke nan an wuce wurin.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka gina kalmar trample. Ta bayyana a rubutun Turanci wajen ƙarshen ƙarni na 14, daga tramp, wato tafiya ana buga ƙafa da ƙarfi, ita kuma tramp ɗin 'yar uwar trampen ce ta tsohon Jamusancin arewa, har yau ma Jamusawa na cewa trampeln. Wancan -le ɗin na ƙarshe aikinsa nuna maimaici, irin yadda crack ta haifi crackle, spark ta haifi sparkle, kuma wallahi in kin lura mu ma haka muke yi, taka ta zama tattaka, sai dai mu a farkon kalma muke ninkawa su kuma a wutsiya suke ƙarawa. In kin riƙe wannan ba za ki ƙara haɗa ta da step on ba.

A labarin turmutsutsu za ki ga trampled to death, ma'ana an tattake mutum har rai ya yi halinsa, Allah Ya kiyaye. Maganar ma'aikata kuwa aron ma'ana ne, trample on their rights shi ne take musu haƙƙi da gangan ba ko tausayi, kuma a nan yawanci on ko over na biyo bayanta. Kalma ce mai zafi fa, kar ki jefa ta kan ƙaramin saɓani.

Akwai kuma stomp da ɗalibai ke cakuɗa ta da trample. Ita ƙarar ƙafar ce a gaba, yaro ya yi fushi ya fice yana dirka ƙafa a ƙasa dim dim, ko da bai murƙushe komai ba.