Guguwar rana za ta iya ɗauke wutar yanki guda?

Malam, ka tambaya ko guguwar rana na iya durƙusar da wutar lantarki, da kuma yadda ake kare ta. Ta taɓa yi kuwa. Ranar 13 ga Maris, 1989, lardin Kwibek na Kanada ya afka cikin duhu, mutane kusan miliyan 6 suka shafe awa 9 babu wuta.

Idan rana ta feso curin iska mai caji, yakan girgiza maganaɗisun duniya, sai wata wuta ta taso a cikin ƙasa, ta bi wayar da aka binne ta shige manyan taransifoma, su yi ta zafi har su lalace. Samo sabuwa kuwa kan ci fiye da shekara.

Taurarin ɗan'adam da ke nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya kan ba da gargaɗi kafin guguwar ta iso, amma tazarar ba ta cika kai awa guda ba. Nan take ake rage wa layuka nauyi, a ɗage aikin gyara. A Mayun 2024 ma, Niyu Zilan da gangan ta kashe wasu layuka don kare su daga wata guguwar rana. Kwibek kuwa wasu na'urori da ake kira kafasito ta dasa a dogayen layukanta, su tare baƙuwar wutar. A ganina wannan ya fi inganci, sai dai akwai tsada.