Shin akwai haɗari a amfani da wifi na kyauta yayin jinya a asibiti?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce ke jinyar mahaifiyarmu a wani asibiti a nan Maraɗi, daga Tasawa aka turo mu. Kuɗin forfe sun fara yi mini yawa, domin kullum ƴan'uwa suna kira ta WhatsApp daga Kano da Abijan suna tambayar jikinta. Na ga wani wifi a wayata da ba ya neman lambar sirri, kuma sauran masu jinya suna hawansa, amma ƙanena ya ce kada in kuskura, wai za a iya kwashe kuɗin maganin da ake aiko mini. Gaskiya ne, ko kuwa tsoratarwa ce kawai? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri kan wannan hidima. Maganar ƙanenki tana da tushe, amma haɗarin ba a inda yake zato yake ba. Za ki iya hawa wifin ki yi magana da ƴan'uwa hankali kwance, muddin kin raba shi da harkar kuɗi, kuma ba ki rubuta wata lambar sirri a shafin da ya buɗe miki ba.

Tsoron da mutane ke yi wa wifi na kyauta ya samo asali ne daga wani zamani da ya cancanci a ji tsoronsa. Wifin da ba shi da lambar sirri yana watsa bayanai ne a iska ba tare da kulle su ba, don haka duk wanda ke kusa, yana da kwamfuta da manhajar da ta dace, zai iya tsintar abin da ke wucewa. A shekarar 2010 wani mai rubuta manhaja a Amurka ya fitar da wata ƴar manhaja mai suna Firesheep domin ya nuna girman matsalar, kuma da ita mutumin da bai san komai ba a harkar kwamfuta yake iya shiga Facebook ɗin wanda ke zaune kusa da shi, idan suna kan wifi ɗaya. Wannan abin kunya ya taimaka wajen tilasta wa manyan kamfanoni su gyara. Facebook ya mayar da kulle bayanai ya zama dole ga kowa a 2013, WhatsApp kuma ya kammala nasa tsarin a watan Afrilun 2016, ta yadda saƙo da kira suke fita a kulle daga wayarki, ba sa buɗewa sai a wayar wanda kika aika wa. Yau mafi yawan shafukan intanet adireshinsu yana farawa da https, alamar cewa abin da ke tsakaninki da shafin a kulle yake tafiya.

Abin ya yi kama da wasiƙar da aka liƙe aka ba direba a tasha ya kai Zinder: ya san inda za ta je, ya san lokacin da aka ba shi, yana jin kaurinta a hannunsa, amma bai san abin da aka rubuta a ciki ba. Haka mai wifin yake. Zai iya sanin cewa wayarki tana magana da WhatsApp ko ta buɗe shafi kaza, da yawan bayanan da suka wuce, amma muryar yayanki da ke Abijan da hoton takardar maganin da kika tura masa ba za su buɗe masa ba. Saboda haka kiran ƴan'uwa, da sauraron karatu ko labarai a daren da barci ya ƙi zuwa, duk ba su da laifi a wurina.

Abu na farko da ya kamata ki tabbatar shi ne ko wifin na asibitin ne da gaske. Sunan da kike gani a waya ba shaida ba ne, domin kowa yana iya kunna wifi daga wayarsa ko daga ƴar na'urar da ke shiga aljihu, ya sa masa sunan asibitin, ya zauna a inuwa cikin masu jinya. Waya ba ta bambance na gaskiya da na jabu da suna kaɗai. Ki tambayi majo ko wani ma'aikacin ofishin karɓar baƙi ko asibitin yana da wifi na jama'a, kuma yaya ake rubuta sunansa harafi da harafi. Idan suka ce ba su san da shi ba, to mai yiwuwa na wani shago ne ko na wani gida da ke maƙwabtaka, mai yiwuwa kuma tarko ne, kuma a wannan hali barinsa ya fi. Ina roƙonki kuma kada ki matsa wa ma'aikaci ya ba ki lambar wifin da suke aiki da shi, ko da akwai sanayya a tsakaninku, domin a inda ake ajiye bayanan marasa lafiya a kwamfuta, kowace wayar waje da ta shiga wannan rezo ƙofa ce da aka ƙara buɗewa a kan sirrin mutane, har da na Inna.

Inda ake yawan faɗawa shi ne shafin da ke buɗewa da kansa da zarar an hau wifin. Na gaskiya yakan nemi ki amince da sharuɗɗa, ko ki shigar da lambar tikiti, wani lokaci lambar waya. Kada ki taɓa ba shi kalmar sirrin Facebook ko ta Gmail, balle lambar sirrin asusun kuɗinki na waya. Duk shafin da ya nemi ɗaya daga cikin waɗannan, ki rufe shi nan take ki sauka daga wifin, komai kyan tambarin da aka ɗora masa. Haka nan idan aka ce sai kin sauke wata manhaja kafin intanet ya buɗe, ko kuma wayar ta fito da gargaɗi cewa haɗin ba amintacce ba ne, kada ki danna ci gaba. Gargaɗin nan shi ne wayar ke gaya miki cewa wani ya shiga tsakaninki da shafin da kike nema, ko aƙalla ba ta iya tabbatar da wanda take magana da shi ba. Manhajar da aka sauke daga wajen Play Store kuwa tana iya neman izinin karanta saƙonninki, kuma wannan izini kaɗai ya isa a ga duk lambobin tabbatarwa da ake aiko miki ta SMS. Kada kuma https ya ruɗe ki ki ɗauka shafin na mutanen kirki ne, domin takardar shaidar da ke ba shafi wannan alama kyauta ake samunta tun shekaru da dama, kuma ƴan damfara ma suna da ita. Abin da take tabbatarwa kawai shi ne ba mai leƙe a hanya. Ba ta ce komai ba game da halin wanda ke karɓa a can ƙarshe.

Game da kuɗin magani, wanda shi ne ainihin damuwar ƙanenki, akwai wani bambanci da zai kwantar miki da hankali. Idan kina duba kuɗi ko turawa ta hanyar danna lambobin da ke farawa da tauraro, kamar yadda ake yi a Airtel Money ko Moov Money ko Zamani Cash, wannan aiki ta rezon kamfanin layinki yake bi, bai ratsa wifi ko kaɗan, ko da wifin a kunne yake. Saƙon SMS da ke zuwa da shaidar shigowar kuɗi ma haka. Waɗanda ke buƙatar intanet su ne manhajoji irin su MyNita da AmanaTa da na bankuna. Su ma ana gina su ne da kulle, amma shawarata ita ce duk lokacin da za ki buɗe su, ki kashe wifin ki kunna forfenki, ki gama, sannan ki koma. Aikin kuɗi ba ya cin mega mai yawa, bidiyo da kiran hoto ne ke cinye forfe, don haka ƙaramin forfe da kika keɓe domin wannan zai daɗe yana yi miki aiki.

Amma abin da ya fi damuna a halin da kike ciki shi ne WhatsApp ɗinki, fiye da asusun kuɗin ma. Dukan danginki sun san Inna tana kwance, kuma a shirye suke su turo kuɗi ba tare da dogon bincike ba. Wanda ya ƙwace WhatsApp ɗin mai jinya ya samu amincewar dangi gaba ɗaya: zai rubuta wa kowa da sunanki cewa jiki ya tsananta, likita ya ce a yi aiki yau, a tura jika hamsin zuwa wata lamba domin taki ta samu matsala. Hanyar ƙwacen kuma mai sauƙi ce. Yana saka lambarki a wayarsa, WhatsApp ya aiko miki da lambobi 6 ta SMS, sai ya nemi hanyar da za ki ba shi su. Wani zai kira ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, wani zai ce ya turo miki saƙo bisa kuskure, shafin wifin jabu kuma zai ce ki shigar da lambobin da aka aiko miki domin a buɗe miki intanet. Wannan na ƙarshe ya fi kama mutane, domin kin ba da lambar wayarki da hannunki kuma kina jiran saƙo, ga gajiya da rashin barci. Ki karanta kowane saƙo har ƙarshe kafin ki kwafi lambar da ke ciki. Idan sunan WhatsApp ne a kai, ba na kowa ba ne sai naki. Tun yau ki shiga saitin WhatsApp, sashen asusu, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato lambar sirri ta biyu da WhatsApp zai nema daga duk wanda ya yi ƙoƙarin saka lambarki a wata waya, ki zaɓi lambobi 6 da ba ranar haihuwarki ba ce kuma ba ƙarshen lambar wayarki ba. Sannan ku yi yarjejeniya da ƴan'uwa cewa ba wanda zai tura kuɗi sai ya ji muryarki, kuma ba za a tura zuwa sabuwar lamba ba.

Akwai kuma haɗarin da ba ruwansa da intanet, wanda a ganina ya fi yawa a ɗakunan jinya. Wuraren caji kaɗan ne, masu buƙata da yawa, sai mutum ya bar wayarsa a bango ya tafi farmasi, ko ya miƙa wa wani ya sa masa wifin. Ki sa wa wayarki makulli, ki saita ta yadda abin da ke cikin saƙo ba zai bayyana a fuskarta ba idan tana kulle, domin lambobin tabbatarwa a nan ake karanta su ba tare da an buɗe wayar ba. Idan za a taimaka miki da saiti, a yi a gabanki. Hoton rasit mai ɗauke da lambar karɓar kuɗi kuma kada a jefa shi a zauren dangi mai mutane da yawa, a aiko miki ke kaɗai.

Wasu za su ce ki sauke VPN, wato manhajar da ke kulle bayanan wayarki ta bi da su ta na'urar wani kamfani kafin su isa inda za su. Mai kyau yana ɓoye wa mai wifin har sunayen shafukan da kike buɗewa, amma yawancin na kyauta suna mayar da bayananki ne daga hannun mai wifin zuwa hannun wani kamfani da ba ki san shi ba, kuma ba ɗaya daga cikinsu da zai hana ki rubuta lambar sirri a shafin ƙarya. Ban ga larurarsa gare ki ba. Abin da ya fi amfani shi ne ki yi amfani da wifin ki sabunta WhatsApp da sauran manhajoji daga Play Store, tun da sabuntawa tana toshe ɓarakar da aka gano, kuma waya tana tantance sa hannun mai manhajar kafin ta karɓa. Ranar da aka sallame ku, ki shiga saitin wifi ki sa wayar ta manta da wannan rezo, inda aka rubuta Oublier idan wayarki da Faransanci take, don kada ta riƙa hawa duk wani mai irin sunan a kasuwa ko a tasha ba da saninki ba.

Ba zan bar maganar sirrin maras lafiya ba, ko da yake ba ki tambaya ba. Intanet na kyauta yana sa hannu ya yi sauƙin ɗaukar hoto da turawa, kuma kullen WhatsApp yana kare saƙo ne a hanya kawai, da ya isa wayar wani ya fita daga ikonki. Sakamakon gwaji da hoton Inna a gado a tura wa wanda zai taimaka da shawara ko da kuɗi, ba a sa a sitatus ba. Sauran marasa lafiyar da ke ɗakin kuwa ba su ba da izini ba, don haka a kula da abin da kyamara ke ɗauka a bayanki lokacin kiran hoto. A Nijar bayanan lafiya suna cikin waɗanda doka ta ba kariya ta musamman, kuma akwai hukumar HAPDP a Yamai da aka ɗora wa kula da bayanan mutane. Idan kuma ma'aikata suka ce a kashe waya ko a nisanta ta a ɗakin da ke da na'urorin kula da numfashi da bugun zuciya, a bi maganarsu.

Idan ya kasance kin riga kin shigar da wata lamba a shafin da yanzu kike shakka, kada ki jira ki ga abin da zai faru. Ki sauka daga wifin, ki canza lambar sirrin asusun kuɗinki ta layinki ko ki je ofishin kamfanin da katin shaidarki, ki canza kalmar sirrin Facebook da Gmail ta hanyar amfani da forfenki. Idan WhatsApp ya fitar da ke, ki sake rajistar lambarki nan take, domin shigar da sabbin lambobi 6 da za a aiko miki yana korar wanda ya shiga; in har ya riga ya sa tasa lambar mataki biyu, sai an jira kwana 7 kafin ki koma, kuma a wannan tsakanin ki kira ƴan'uwa ɗaya bayan ɗaya da kiran layi ki gaya musu kada su tura ko dala. Ki adana saƙonnin da lambar da aka nemi a tura kuɗi a kanta, ki kai ƙara wurin ƴan sanda, domin dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019 ta tanadi hukunci kan shiga na'urar mutum ba da izini ba da kuma damfara ta wannan hanya.